Mun Je Ganin Makaranta, Mun Tarar da Boston a Kulle

Tun ba mu bar Kano ba tafiyar nan ta raba kan gidanmu. Ranar Litinin 15 ga Afrilun 2013 bama-bamai biyu suka tashi a titin Boylston, daf da inda masu gudun fanfalaki na Boston ke ƙarewa. Mutum 3 suka rasu, sama da 260 suka ji rauni. Mu kuma ga biza a hannu, ga tikiti an saya, ranar Alhamis ya kamata mu sauka, ni da 'yata, don mu ga jami'ar da ta ɗauke ta. Hajiya mahaifiyata ta ce a fasa, ba za a kai mata takwara bakin wuta ba. Na ce, "Hajiya, ko wata ba a cika ba da tashin bam a tashar New Road ta Sabon Gari, kuma muna nan Kano ba mu gudu ba." Ta yi shiru, sannan ta sa mana albarka.

Ga wanda bai san tsarin ba: jami'o'in Amurka suna sanar da waɗanda suka ɗauka wajen ƙarshen Maris, su ba su zuwa 1 ga Mayu su ce sun karɓa ko ba su karɓa ba. A tsakani, cikin Afrilu, sai su gayyato yaran. Yaro ya kwana a ɗakin ɗalibai, ya shiga aji, ya ci abincin makaranta, iyaye kuma su zauna da masu kula da tallafin kuɗin karatu. Makarantar da kuɗinta ya haura dala dubu 50 a shekara, ga dala a lokacin tana neman naira 160, ba a shiga da ka. Ni dai na ƙudurta ba zan bar 'ya mace a wata uwa duniya ba sai na ga inda za ta kwanta da inda za ta yi salla.

A filin jirgi aka fara ɓata mini rai. Jami'in da ke duba fasfo ya ga Kano a rubuce, ya ɗaga kai ya kalli hijabin yarinyar, ya tura mu wani ɗaki. Can wani ya yi ta jero tambaya yana katse ni kafin in kai ƙarshen amsa, ya jefo mini takardar gayyatar makaranta a kan tebur har ta faɗi ƙasa. Ba na ganin laifin bincike a garin da aka zubar da jini kwana uku da suka wuce. Amma bincike daban, wulaƙanci daban, kuma a gaban 'yata aka yi.

Otal ɗinmu a Cambridge yake, tsallaken kogin Charles. Da yamma talabijin ba ta da abin nunawa sai hotunan samari biyu da hukumar FBI ta fitar, ɗaya da baƙar hular hana-salla, ɗaya da fara. Cikin dare jiniya ta hana ni barci. Da asuba muka ji abin da ya faru: an harbe ɗan sandan jami'ar MIT, Sean Collier, yana cikin motarsa, an yi musayar wuta a Watertown, ashe samarin nan biyu wa da ƙane ne, wan, Tamerlan Tsarnaev, ya mutu, ƙanen Dzhokhar mai shekara 19 ya tsere. Gwamna Deval Patrick ya roƙi jama'ar Boston da Cambridge da Watertown da garuruwan kewaye su kulle ƙofa su zauna a gida. An tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa da motocin bas, an rufe makarantu.

Na tsaya a taga na daɗe ina kallon titi. Ba kowa, sai motar 'yan sanda jefi-jefi. Na tuna dokar hana fita da aka sa mana bayan harin 20 ga Janairun 2012, da shingayen da suka biyo baya, mutum ya sauko daga babur ya tura, wani a sa shi tsallen kwaɗo. Nan roƙo aka yi, ba bulala, kuma mutane suka ji. Wannan ya burge ni ƙwarai, ya kuma sosa mini zuciya, don mu a rana ɗaya muka rasa mutum sama da 180.

Kafin azahar saƙon makaranta ya shigo: an soke taron sababbin ɗalibai. Yarinyar ta karanta, ta ajiye wayar, ta shiga banɗaki ta rufe. Da na sauka falon otal na tarar ba mu kaɗai ba ne. Iyaye da yara ne cike da kujeru, kowa da jaka a gefe da waya a kunne. A nan na ji cewa Harvard ma ta soke nata taron, Visitas, wanda za a fara washegari. Wanda ya zo daga New York ko Connecticut ya hau motarsa ya koma, wani satin ya dawo ya zaga. Mu da muka ƙetaro teku fa? Na zauna kusa da wata mata da ta zo da ɗanta daga Indiya, ta ce adashin shekara guda ta kwashe. Ba na cewa a yi taro alhali mai bam yana yawo, sokewar daidai ce. Amma asarar ba ɗaya ba ce, ta fi nauyi a kan na nesa, kuma 1 ga Mayu tana nan ba ta matsa ba.

Tsada kuwa ba a magana. Ƙaramar gorar ruwa a otal dala 4, sama da naira 600 a lokacin, kuɗin da a wancan lokacin zai saye maka ruwan leda fiye da ɗari a Kano.

Ina faɗa wa yarinyar wannan a bakin lif sai na ji an ce, "Alhaji, sannunku da zuwa. Daga ina?" Wani dattijo ne cikin kayan ma'aikatan kicin, ɗan zangon Kumasi, ya shekara da shekaru a Amurka. Kullen ya rutsa da shi a wurin aiki tun dare. Ba a jima ba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da burodi da soyayyen ƙwai da shayi mai kauri, ya ƙi karɓar ko sisi. Juma'a ce, ba damar masallaci, muka shimfiɗa tawul muka yi azahar tare. Lokacin an riga an faɗi cewa yaran nan Musulmi ne, 'yan asalin Checheniya. Yarinyar ta ce, "Abba, gobe zan iya fita da hijabina?" Ban san me zan ce ba. Shi ya amsa: "'Yata, ki sa abinki. Nawa 'ya'yan da shi suka yi makaranta a nan. Za a kalle ki, wani ma ya faɗi baƙar magana, amma masu tare miki sun fi yawa."

Wajen ƙarfe 6 na yamma aka ɗage kullen ba a kama Dzhokhar ba. Sai wani mutum a Watertown ya fita bayan gidansa ya ga jini a jikin kwale-kwalen da ya ajiye, ashe yaron na ciki. Kafin ƙarfe 9 an kama shi da rai. Muna jin tafi da ihu daga titi.

Ranar Asabar dattijon nan ya zo da motarsa, ranar hutunsa ce. Wata ɗaliba 'yar aji biyu da yarinyar ta samu ta Facebook ta tarye mu a ƙofar makaranta, ba wanda ya sa ta. Ta nuna mana ɗakinta, gado biyu da tebur biyu, tsaf. Ta kai mu ɗakin karatu, ta nuna mana ɗan ɗakin da Musulmi ke salla, da darduma a naɗe a kusurwa, da wurin da ake samun naman halal. Aji dai ba mu shiga ba, ofishin kuɗi ma a rufe. Amma na ga abin da ya kawo ni.

Titin Boylston na nan a toshe. A bakin shingen mutane sun tara furanni da takalman gudu da 'yan tsana. Cikin waɗanda suka rasu akwai yaro ɗan shekara 8, akwai kuma ɗaliba 'yar China mai shekara 23 da ke digiri na biyu a Jami'ar Boston. Ita ma iyayenta karatu suka turo ta. Na kasa daɗewa a wurin.

Da dare muka ci shinkafa da wake da yajin shito a gidan mai masaukinmu. Daga nan bas zuwa New York, sai jirgi, sai gida. Maganar tallafin kuɗi ta waya muka ƙarasa ta, layi na yankewa. Yarinyar ta aika musu ta karɓa kafin wa'adi ya cika. Daga nan muka koma jiran takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa, don neman bizar ɗalibai a Abuja. Rigunan sanyi kuwa dattijon ya ce kada in wahala zuwa Ƙofar Wambai, in bar masa wannan.