Godiya bayan tarewa a gidanmu na gado

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an kammala gyaran gidanmu na gado da ke cikin garin Sakkwato, iyali sun tare, an yi saukar Alƙur'ani da walima lafiya. Mu 'ya'yan gidan da jikoki muna godiya ga duk wanda ya taimaka da dukiyarsa, ko ƙarfinsa, ko addu'arsa. Za mu ambaci aikin kowa dalla-dalla, don haƙƙin ma'aikaci ne a faɗi abin da ya yi, wanda ke shirin taɓa tsohon gida kuma ya ƙaru.

Godiya ta farko ga babban magini da yaransa. Ciwon gidajen cikin gari kusan ɗaya ne: shekara da shekaru ana cike lungu har ya fi tsakar gida tudu, ruwan damina ya riƙa kwanciya a gindin bango, danshi ya hau, filasta ta kumbura tana fitar da farin gishiri. Shafa fenti a kan wannan asarar kuɗi ce. Sai da suka ɗaga dokin ƙofa da daɓen zaure, suka karkatar da tsakar gida zuwa magudana, suka kankare tsohuwar filasta kamar mita ɗaya daga ƙasa, suka bar bangon ya sha iska. Kwaɓinsu buhun siminti ɗaya, mai kilo 50, a kwano goma na yashin da aka tankaɗe, domin yashi mai laka tsagewa yake yi. An ba filasta ruwa safe da maraice har kwana 7. A nan, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, filastar da ba ta sha ruwa ba takan bushe kafin ta kama, farce ma ya isa ya marmashe ta. Ɗakunan da bangonsu na ƙasa ne an fara kafa musu ragar waya, don siminti ba ya riƙe jar ƙasa shi kaɗai, ɓamɓarewa yake yi falle-falle.

Kafinta, Allah ya saka da alheri. Ya sauke duk katakon da gara ta taɓa, bai yarda a yi ciko da tsoho ba, kuma sabon ya sha maganin gara tun yana ƙasa, har bakin da zarto ya yanka. Ƙusar kwano a kan tudun kwanon ya buga ta, domin wadda aka buga a kwarin da ruwa ke bi ita ce mafarin yoyo. Ya ɗaure kan rufin da ƙarfe a jikin bango saboda iskar farkon damina, wadda kowace shekara take yaye rufin gidaje. Tsakanin kwano da silin ya bar kafofin iska masu raga, zafi ya samu hanyar fita.

Mai wayarin da mai gyaran famfo sun gama nasu kafin a yi filasta, yadda ya kamata, ba a sake fasa bango ba. Waya mai lambar kauri 1.5 ta tafi fitilu da fankoki, mai 2.5 soket, mai 4 na'urar sanyaya ɗaki, kowane layi da makashinsa, an kuma kafa sandar at a ƙasa, wato ƙarfen da ke janye wutar da ta zille don kada ta kama mutum. Tsofaffin wayoyin da aka yi wa ɗauri da salatif cikin silin duk an zare su, su ne ke kawo gobara. Bututun ruwa an cika su an bar su kwana guda ana duba mahaɗa kafin a rufe. Na banɗaki mai inci 4 an ba shi gangare na santimita biyu da rabi a kowace mita, an kuma nisanta sokawe da rijiya. Tankin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, shi ya sa aka yi masa ƙafafun ƙarfe daban, ba a ɗora wa tsohon bango ba.

Mai fenti ya ƙi taɓa bango sai da filasta ta yi mako 4. Gaskiyarsa, fentin da aka shafa kan ɗanyar filasta ba ya kaiwa damina biyu.

Iyayenmu mata da matan gida, sannunku da aiki. Ƙurar siminti ba ta fita da shara ɗaya: sun fara goge silin da fankoki, sannan tagogi, tayil a ƙarshe. An bar tagogi a buɗe kwanaki har warin fenti ya tafi kafin tsofaffi da jarirai su kwana. Ɗakin Inna aka fara shiryawa, sai madafi, kayan falo daga baya. Sif da gadaje an ja su kaɗan daga bango, don sabon gini yana ci gaba da fitar da danshi.

Maƙwabta kuwa, bakinmu ya yi kaɗan. Kun haƙura da yashi da bulo a bakin ƙofofinku, kun ba ma'aikata ruwa, wasunku sun buɗe mana ɗakuna muka ajiye tsofaffi da kaya, ba ku karɓi ko kwabo ba. Muna gode wa mai unguwa, wanda ya tsaya aka daidaita bakin indararo don kada ya zuba a bangon kowa, da liman da almajiransa da suka yi sauka.

Sauran aiki guda: bayan ruwan farko kafinta zai dawo ya duba silin da mahaɗar kwano, magini ya duba inda ruwa ya kwanta. Wanda bai samu zuwa walima ba, zaure a buɗe yake bayan La'asar. Allah ya jiƙan mahaifinmu da ya kafa gidan, ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Daga ɗaukacin iyalan gidan, Sakkwato.