Inda Aka Kwana da Tsohuwar Ford 8N Mai Atishawa da Misin

'Yan'uwa masu koyon gyaran tsofaffin injuna, barkanmu da aiki. Ga inda aka kwana game da taraktar da muke kai, Ford 8N ƙirar 1951. Irin wannan kamfanin Ford ya yi ta ƙerawa a Amurka daga 1947 zuwa 1952. Silinda huɗu gare ta, bawul ɗinta a gefen inji suke, batirinta bolt 6 ne, kuma kan fosatif ake ɗaure wa jikin ƙarfe. Fetur take sha, don haka wanda ya saba da taraktar dizil sai ya ajiye saninsa gefe. Wanda kuwa ya taɓa gyaran Peugeot 504 mai kwantak da kafireta zai ga kamar gida ya zo.

Ciwonta shi ne: da sanyin safiya tana tashi lafiya, sulo ma ba laifi. Da ta ɗauki zafi aka ɗora mata garma, sai ta fara jijjiga, ta yi fas-fas ta wajen kafireta, jefi-jefi kuma ta yi harbi ta salansa.

Ranar farko ko sifana ba mu ɗauka ba, saurare muka yi. Inda ƙarar ke fitowa shi ke nuna hanya. Idan ta kafireta take atishawa, yawanci iska ta rinjayi mai. Cakuɗin da mai ya yi masa kaɗan a hankali yake ci, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta bi manifol ta koma baya. Harbi ta salansa kuma man da bai ƙone a silinda ba ne ya je ya kama a bututu mai zafi, wato ko fulogi ya tsallake, ko wuta ta makara, ko bawul ɗin fita ba ya rufewa. Tunda tamu duka biyun take yi, mun san ba ciwo ɗaya ba ne.

Gwaji mafi arha shi ne cok. Tana cikin atishawar muka ja shi kamar rabi, sai ta ɗan daidaita, amma misin ɗin, wato tsallaken da wata silinda ke yi ba ta kama wuta ba, bai bari ba. Ke nan akwai ƙarancin mai, akwai kuma wani abu bayansa. A daidai nan ne hannu ke ƙaiƙayin murɗa sukurorin kafireta. Don Allah ku daure. Kafireta ba ta sauya saiti da kanta, kuma da zarar ka murɗa ta kafin ka tabbatar da wuta, ka ƙara wa kanka ciwo na uku wanda kai ka haddasa shi.

Rana ta biyu, wuta. Mun fara da jerin wayoyin fulogi, domin wannan injin 1-2-4-3 yake bi, ba 1-3-4-2 da aka saba gani a yawancin motoci ba. Silinda ta 1 ita ce ta kusa da lagireto. Mutane da yawa kan musanya wayar 3 da ta 4 bisa kuskure, kuma injin zai tashi a haka, sai dai ya yi ta harbi ba ƙarfi. Namu daidai suke.

Daga nan muka zare waya ɗaya, muka riƙe ta da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin inji. Wutar kirki shuɗiya ce, tana tsallake wannan tazarar da ƙara tas-tas. Tamu rawaya ce, tana zuwa tana ɗaukewa. Da muka buɗe distiributa sai ga dalili: bakin kwantak, wato ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa su sa kwayil ya ba da wuta, ya yi ƙuraje, gefe ɗaya rami, ɗayan tsini, kuma ɗan robar da ke gogar kam, wato ƙarfe mai tudu-tudu da ke juyawa yana buɗe kwantak, ya cinye har tazarar ta rage sosai. Wannan ƙaramin abu ɓarna biyu yake yi. Yana raunana wutar kwayil, sannan yana jinkirta taimin, domin bakin da ya matse ba ya buɗewa da wuri.

Ku kula da wannan, don nan ake yawan kuskure. 8N iri biyu ce. Ta farko distiributarta a goshin inji take, bayan fanka, tazarar kwantak ɗinta inci 0.015, kusan milimita 0.38. A cikin 1950 aka mayar da ita gefe, tazarar ta koma inci 0.025, kusan milimita 0.64. Tamu ta gefe ce. Mun sa sabon kwantak, muka juya injin da hannu har robar ta hau ƙololuwar kam, muka auna, muka ɗaure, muka sake aunawa, saboda ɗaurin kansa yakan goce da saitin. Sai ɗan giris kamar kan ashana a jikin kam, sannan muka ja farar takarda mai tsabta tsakanin bakin biyu don ta kwashe maiƙo. Sabon kwantak mai maiƙo a baki ba ya ba da wuta, kuma sau da yawa kwayil ake ɗora wa laifin.

Tsohuwar kondansa mun bar ta a wurinta. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, in ba haka ba ko ta warke ba ka san me ya warkar da ita ba. Mun dai duba siririn jan ƙarfen da ke haɗa kwantak da wayar kwayil da kuma robar da ke raba shi da jikin distiributa, domin idan ta tsage wuta takan sulale ta nan lokaci-lokaci. Mun girgiza sandar distiributa, ba ta wasa. Fulogi kuma tazararsu inci 0.025. Uku sun fito fari-fari, alamar ƙarancin mai, na silinda ta 3 kuwa baƙi ne da damshi. Mun rubuta wannan mun ajiye. Taimin an saita shi a digiri 4 kafin fistin ya kai ƙarshen sama, da alamomin da ke jikin fulawil, injin yana sulo ƙasa-ƙasa.

Harbin salansa ya ragu ƙwarai. Atishawar tana nan.

Rana ta uku, mai. Wannan taraktar ba ta da famfon mai. Tanki yana saman inji, fetur da nauyinsa yake gangarowa, shi ya sa ɗan toshewa kaɗan ke isa ya sa ta yunwa. Gwajin mai sauƙi ne: inji a kashe kuma a sanyaye, a kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta, a tara gwangwani, a buɗe mai. Ana so a samu kusan rabin lita cikin minti biyu zuwa uku, yana zuba ba yankewa. Namu ya zubo da ƙarfi na ɗan lokaci, wato abin da ke cikin kwanon kafireta, daga nan ya koma ɗis-ɗis. Shi ya sa sulo ba ya nuna komai, sai an ɗora kaya gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ta buɗe totur.

Rariya uku ce a hanyar: ɗaya a cikin tanki, ɗaya a saman kofin gilashin da ke tara datti, ta uku a cikin gwiwar tagullar da bututu ke shiga kafireta. Ta ukun ake mantawa da ita don ba a ganinta, kuma ita ce ta toshe da jan garin tsatsa kamar an dama jar ƙasa. Mun wanke duka ukun. Wani abin lura: makunnin man da ke kan kofin gilashi juyi biyu ake buɗe shi. Idan aka buɗe shi har ƙarshe, man ajiya na can ƙasan tanki yake janyowa, tare da duk dattin da ya kwanta. Bayan mai ya wadata ne muka taɓa babbar allurar kafireta: muka rufe ta a hankali ba da ƙarfi ba, muka buɗe juyi ɗaya da rabi, muka daidaita daga nan da injin ya yi zafi. Mun kuma fesa ɗan man wanke kafireta a bakin manifol, a fili, da abin kashe gobara a kusa. Sulo bai sauya ba, ke nan gasket ba ya shan iska.

Atishawa ta tafi. Saura ɗan misin a sulo, mai zuwa a kan ƙa'ida kamar ɗingishi. Takardar da muka kara a bakin salansa tana kaɗawa waje, amma lokaci-lokaci sai a zuƙe ta ciki. Da muka zare wayar silinda ta 3, kusan ba abin da ya sauya a muryar injin.

Awon matsi ya tabbatar da zargin. Inji da ɗumi, fulogi duka a cire, totur a buɗe: silinda uku sun haura fam 90 (psi) a ma'aunin matsi, wanda shi ne mafi ƙarancin da ake so, ta 3 kuwa ta tsaya wajen 60. Mun zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai muka sake aunawa. Da zobban fistin ne suka cinye, da allurar ma'aunin ta ɗaga. Ba ta motsa ba, don haka bawul ne.

Aiki na gaba shi ne sauke manifol a buɗe murfin gefe, a juya injin da hannu a ga ko bawul ɗin fita na 3 yana maƙalewa a sama, sannan a auna tazara da inji a sanyaye: na shiga inci 0.010 zuwa 0.012, na fita 0.014 zuwa 0.016. Wasu injunan tafet ɗinsu, wato ƙarfen da ke tura bawul, ba shi da abin saiti, sai an buɗe ake sanin wanda ake da shi. Idan maƙalewa ce, man kwance tsatsa da haƙuri na iya sakinsa. Idan tazarar ta rufe har bakinsa ya ƙone, sai an sauke kan inji. Mun riga mun tanadi sabon gasket na manifol da na kai kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.