Talata a shago: ƙwaƙwalwa biyu cikin na'ura ɗaya

Ruwan safe ya hana kasuwa ci da wuri yau. Na baro Agege bayan asuba, ban shigo Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Legas, ba sai da hantsi ya dubi ludayi, titin Otigba duk taɓo. Har azahar ba wani aiki na a zo a gani, sai canjin gilashin waya da batir.

Bayan salla wani Alhaji ɗan canji ya kawo Nintendo DS Lite ɗan gwanjo na jikansa, na'urar wasa ta hannu mai allo biyu, sama da ƙasa. Wasa na tafiya, hoto tas, sauti lafiya, amma allon ƙasa ba ya jin taɓi. Na miƙa wa yaron da ke koyon aiki a wurina ya kwance. Can sai ya ɗago kai: "Oga, ka ce furosesa biyu gare ta, ni ɗaya nake gani." Na ce masa furosesan, wato ƙwaƙwalwar na'urar, duk biyun suna cikin baƙin guntun nan ne.

Tun DS na farko da ya fito a 2004 haka tsarin yake. Babba shi ne ARM9, gudunsa kusan 67 MHz, shi ke ɗauke da lissafin wasa da zana hoto. Ƙaramin, ARM7, yana kan 33 MHz, kuma sauti, Wi-Fi, allon taɓi, makirufo, agogo da kula da wuta duk a hannunsa suke. Har maɓallan X da Y da rufe murfi shi ke gani, babban bai san an danna ba sai an gaya masa. Shi ya sa taɓi zai mutu wasa ya ci gaba abinsa. Na ce wa yaron ya ɗauka direban danfo ne da kwandastansa, ɗaya na tuƙi, ɗaya na fama da fasinja, in za a tsaya a buga jikin mota.

Wannan bugun shi ake kira IPCSYNC. Wuri ne ɗan ƙanƙani, kowane ɓangare na rubuta bit 4, wato lamba daga 0 zuwa 15, kuma yana iya katse wa ɗan'uwansa aiki ya ce duba. In saƙo ya fi haka sai a bi layin FIFO, layi biyu ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kowanne na ɗaukar saƙo 16 masu bit 32, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Layin na da alamar da ke nuna ya cika ko ba kowa, in ka tura alhali a cike yake saƙon ya faɗi, sai dai a kunna maka alamar kuskure.

Abin da ya fi burge ni shi ne manyan kaya. Ba a cusa waƙa guda ta layin nan. Ana ajiye ta a babbar ma'adana mai 4 MB da dukansu ke iya shiga, sannan a tura adireshinta kawai. To a nan gizo ke saƙa. ARM9 na da wata ƙaramar ma'adana tasa ta kusa da yake riƙe abin da ya rubuta na ɗan lokaci, ARM7 kuwa ba shi da ita, ba ya ma ganinta. In mai rubuta wasan bai sa an juye abin zuwa babbar ma'adanar ba kafin ya aika adireshi, ƙaramin zai je ya kwaso tsohon bayani, lasifika ta yi ta ƙara. A ganina wannan ya fi kowace igiya da muke sauyawa a kasuwar nan wuyar ganowa, don mita ba za ta nuna maka komai ba.

Tamu matsalar dai ba ta kai can ba. Siririyar igiyar allon taɓin ce ta zame daga mazauninta. Yaron ya mayar, muka shiga saiti muka daidaita da ɗan alƙalamin.

Da yamma ya tambayi amfanin ramin da ke ƙasan na'urar. Na kaset ɗin Game Boy Advance ne, kuma da zarar an shiga wasansa ARM9 ya huta, ARM7 ya sauko kusan 16.8 MHz ya riƙe komai shi kaɗai, don irinsa ne a cikin waccan na'urar ta 2001. Yanzu ya dage sai na bar shi ya je kasuwar Alaba ranar Asabar neman kaset. Na ce kuɗin mota daga aljihunsa.