Daga Akosombo zuwa Yeji a jirgin ruwa

Ban jima da dawowa daga Ghana ba, kuma har yanzu akawun jirgin da ya kai mu Yeji bai fita raina ba. A Akosombo muka shiga, wurin madatsar da aka gama a 1965, wadda ta haifar da tafkin Volta. A bakin tashar wani mai kaki ya tare ni, ko sallama babu, wai sai na ba shi na goro kafin buhunana su wuce. Muna cikin sa-in-sa akawun ya leƙo, ya kalle shi kawai, sai gogan ya sulale.

Na ɗauka kyaftin ne komai a jirgi. Ashe tuƙi da tsaron rayuka ne nasa, duk abin da ya shafi kuɗi yana hannun akawu: tikiti, kuɗin kaya, makullan 'yan ɗakunan kwana, lissafin abincin da aka sayar. Ya ƙirga buhunana ya faɗi kuɗi, na ce a yi mini ragi. Da Hausar Zango ya amsa: "Alhaji, in na rage maka, daga aljihuna zan cika." Ya juyo mini da littafin, ga sunan kowa da abin da ya biya, sannan ya yago mini rasit. A tashoshinmu na gida ɗan kamasho fuskarka yake duba kafin ya yanka maka kuɗi, mai babbar riga ya biya ninki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kuɗin ɗaki dai ya yi mini tsada, shinkafar jirgin ma ba ta kai kuɗinta ba. Amma da dare wata tsohuwa ta rasa tikitinta tana ta kuka, ya duba littafi ya gano sunanta. "Inna, kwantar da hankalinki, kin biya," ya ce, ya sa aka kawo mata shayi, ya biya da kuɗinsa.

Mun tsaya Kete Karaci, garin Alhaji Umaru, malamin nan ɗan Kano da ya rasu a 1934. Tsohon garin ruwa ya cinye shi. Kututturan itatuwa na nan tsaye cikin tafkin. A Yeji doya tuli guda tana jiran lodi. Na haye Makango, na kwana Salaga, tsohuwar kasuwar goron fatakenmu, washegari na kama hanyar Tamale.