Notin juyen mai da wosharsa: abin da ya cinye mini inji

Babur ɗina roba-roba ne, mai kwantaccen inji 110, kuma shekara uku ke nan ni nake yi masa juyen baƙin mai a tsakar gida. Gyaran cen, filogi, birki da wankin soson iska duk ba na kai su gareji. Ban daina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina. Amma akwai noti guda a ƙasan inji wanda nake so duk mai taɓa babur ɗinsa da kansa ya riƙa jin tsoronsa, domin shi ya ja mini asarar da har yau idan na tuna raina yake ɓaci.

Notin juye nake nufi, mai shan sifana 17. Notin ƙarfe ne, ramin da yake shiga kuwa alminiyam ne, irin jikin injin. Idan ƙarfe da alminiyam suka yi ja-in-ja, alminiyam ne yake sallamawa. Tsakaninsu akwai wata 'yar wosha mai laushi, ta alminiyam ko ta jan ƙarfe, wadda aikinta shi ne ta lotse idan an ɗaure, ta toshe hanyar mai. Ita ce take hana yoyo. Ƙarfin hannu ba ya hana shi. Na san wannan a baki, amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Ranar da abin ya faru, wosha ta bi tsohon mai ta faɗa cikin kwanon tara, ban lura ba, na juye shi a jarka. Na mayar da noti haka nan, na zuba sabon mai, na tayar. Sai ga ɗigo. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me ya canza, sai na zura guntun bututu a kan sifana don in samu tsawo, na danna. Da farko ya yi tauri, sai kuma na ji ya saki, ya yi laushi kamar ana murza cokali a cikin tuwo. Wannan laushin shi ne tiredin ramin, wato zaren da noti yake bi ya ɗaure, ya cinye. Duk wanda ya taɓa jin sa a hannunsa ba ya mantawa.

Ga lissafin da ban yi ba. Ɗaurin da irin wannan noti yake buƙata bai wuce wajen 24 Nm ba, wato kamar nauyin kilo 12 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Hannu ɗaya ya isa, ba tare da ka jingina jikinka ba. Da na ƙara bututu tsawon ya kai santimita 60, ƙarfin hannun nan ya ninka uku. Ramin ba zai ɗauka ba.

Ko a nan da na tsaya, da gyaran ƙarami ne. Kuskure na biyu shi ya fi tsada. Na kwance notin, na naɗa masa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, na mayar a hankali, ɗigon ya tsaya, na ce sai ƙarshen mako in kai shi gareji. A sanyi tef yana riƙewa. Da inji ya ɗau zafi mai ya tsinke, ga jijjiga, sai notin ya riƙa sassautowa yana zubar da mai kaɗan-kaɗan a kan hanya, inda ba mai gani. Irin wannan babur ba shi da fitilar da za ta gaya maka mai ya yi ƙasa, kuma duka abin da cikinsa yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba. Kwana huɗu ina hawa ban zaro sandar awo na duba ba.

A hanyar Wudil ya nuna. Da farko ƙara ce daga saman inji, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tafet, wato tazarar bawul, ya buɗe. Sai warin ƙuna, sai na ga ina murɗa totur amma gudu yana raguwa. Na ƙara tafiya wajen kilomita biyu ina neman inuwa. Waɗannan kilomita biyun su suka ƙarasa shi. Injin ya ɗauke, na taka kik ya ƙi motsi.

Idan ka ji wannan ƙarar, kashe a inda kake, ko da tsakar rana ce. Famfon mai yana tsotso daga ƙasa ya tura sama ta wata siririyar hanya, don haka idan mai ya yi ƙasa, kan inji ne yake fara bushewa: kam da 'yan hannayen da ke danna bawul. Ƙarar nan kukansu ce. Daga nan sai fistin ya kumbura da zafi ya kama jikin bulo, wato ramin da yake kai-komo a ciki. Kuma kada ka watsa masa ruwa don ya huce, alminiyam mai zafi yana iya karkacewa ko ya tsage. Bar shi ya huce da kansa, ka duba mai.

Bakaniken da ya buɗe shi dattijo ne. Ya zaro notin da yatsu biyu, ba sifana, ya warware tef ɗin, ga zaren alminiyam ya nannaɗe a jikinsa kamar siririyar waya. Ya ce, "Malam, ina wosharsa?" Na ce ta ɓata. Ya ce, "Da ka zo ranar, da rabin awa ka tafi." Ya nuna mini fistin, gefensa ya goge ya yi zane-zane, ringi ya manne a cikin gurbinsa, kam ya canza launi ya yi shuɗi-shuɗi. An sayi fistin da ringi, an kai bulo aka yi masa bora, wato aka faɗaɗa raminsa, an canza kam da hannayen bawul biyu da fakin da ke toshe tsakanin sassan inji gaba ɗaya. Kuɗin ya fi abin da na kashe a kan baƙin mai tun da na sayi babur ɗin. Wosha kuwa ba ta kai kuɗin kofin shayi ba.

Gyaran ramin na tsaya na kalla da kyau, domin shi ne abin da ya kamata in yi tun farko. Asalin notin mai kaurin milimita 12 ne. Ana yanka sabon tiredi na 14, a sa noti mafi kauri da wosharsa. Ya shafa giris a jikin ƙarfen yankan don ɓarɓashi ya manne a jikinsa kada ya shige ciki, yana murza rabin zagaye yana dawowa baya, yana fitarwa yana gogewa. Ya kula sosai ya shiga a miƙe, don idan ya karkace wosha ba za ta zauna daidai ba, yoyo ba zai ƙare ba. Bayan nan ya zuba mai mai araha ya bar shi ya wuce ta ramin ya wanke saura. Wasu suna liƙe notin da gam mai haɗi biyu. Kada ka yarda, ranar juye na gaba za ka rasa yadda za ka yi.

Yanzu ga yadda nake juye. Ina tayar da inji minti uku zuwa biyar mai ya saki, in kafe shi a kan babban jak a wuri mai daidai. In goge kewayen notin kafin in kwance, saboda yashi. Da notin ya fito, abu na farko da nake nema wosha ce, don takan manne a jikin inji ko ta faɗa kwano. Idan ta baje ko ta yi gurbi, sabuwa nake sawa. Wajen mayarwa da yatsu nake murzawa har ya zauna, idan ya yi tauri tun zagaye na biyu to ya hau ba daidai ba, in dawo da shi in sake. Sai an kai ƙarshe sifana take taɓa shi, gajeriya, mai zobe, hannu ɗaya. Idan ya yi ɗigo bayan haka, wosha nake canzawa, ba na ƙara ɗauri.

Mai kuma ba na juye galan ɗin lita ɗaya duka. Wajen lita 0.8 yake sha, sai in tayar na minti biyu, in kashe, in jira ya kwanta, in auna. Sandar awon ɗora ta ake yi a bakin ramin, ba a murza ta ciki, in ba haka ba za ta nuna maka ya cika alhali da saura. Nakan sayi 20W-50 na babur mai alamar 4T da JASO MA, domin kulocin cikin man yake wanka, wani man mota yana sa shi sulɓi. Da hunturu, ƙurar Kano ba ta bari in wuce kilomita 1,000 ban juye ba, soson iska kuma duk mako biyu nake wanke shi da kananzir, ya bushe, in ɗiga masa mai kaɗan in matse.

Wannan tsoron ya bi ni zuwa duk inda ƙarfe ke shiga alminiyam. Filogi ba na kwance shi sai inji ya huce, kuma da yatsu yake shiga. Sabo rabin zagaye bayan ya zauna, tsoho kuwa ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Murafun tafet roba ce take toshe su, ɗauri kaɗan suke so. Ƙananan notocin murfin gefe masu shan sifana 8 sun fi kowa saurin cin ramin su. Cen ne kawai ban canza komai ba, sassaucin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a auna a inda ya fi tauri.

Bayan bora na yi kilomita 500 ina lallaɓa shi, ba gudu ba ɗaukar kaya, sannan na sake juye, man ya fito da ƙyalƙyalin ƙarfe kamar yadda dattijon ya ce zai yi. Injin ya dawo, yana tashi a taku ɗaya. Amma duk dare kwali nake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, da asuba kafin in fitar da shi in ja kwalin in duba, in zaro sandar awo. Wosha biyar na saya ta 14, suna cikin kwalin ashana a akwatin ƙarƙashin kujera, bututun nan kuma na fitar da shi daga cikin kayan aiki.