Kada ku jefa na'urar ji a aljihu: shawara ga ƙannena

Ƙannena maza da mata, musamman waɗanda likita ya ce sai sun riƙa sa na'urar ji ta bayan kunne, ga maganar da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun da wuri. Ni sanƙarau ne ya taɓa mini ji, a annobar 1996 da ta ratsa arewacin Nijeriya, ina ɗan firamare. Allah ya yi da sauran kwana na tashi, amma kunnuwan biyu sun yi nauyi, na hagu ya fi. Daga lokacin zuwa yau na'urori sun mutu a hannuna, kuma babu wadda tsufa ya kashe. Duk ɓarnar da na yi musu, in aka bi sawunta, za a tarar ta fito ne daga abu guda: ba na son a gan ni da su.

Wannan ƙin a gan ni shi ya kai ni kasuwa da fari. Maimakon in hau layin likitan kunne, inda wani ɗan unguwarmu zai iya cin karo da ni, sai na tara kuɗi na sayi wata 'yar na'ura a shagon kayan lantarki. Mai shagon ya ce in na sa ta har tafiyar tururuwa zan ji. Abin da na ji shi ne janaretan maƙwabta da ƙarar babura da cokali a kwano, duk a tsakiyar kaina, maganar mutane kuwa tana nan a cakuɗe yadda na san ta. Daga baya aka fahimtar da ni dalili. Raunin ji ba ya sauka bai ɗaya. Da yawa daga cikinmu sauti mai kauri yana shiga, siririn ne ke ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Shi ya sa kake jin muryar mutum sarai amma kalmar ta ƙi fitowa. Ta kasuwa tana ɗaga komai ne gaba ɗaya, har abin da kunnenka ba ya buƙata, kuma ƙarar da ta wuce kima tana iya cinye ɗan jin da ya rage. Ta gaskiya sai an gwada kunne tukuna: a sa ka a ɗakin da ba hayaniya, a aiko maka da sautuka iri-iri, a zana inda jinka ya tsaya a takarda, sannan a saita na'urar a kwamfuta daidai da wannan zanen. Ana yin gwajin a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wani ma in ya je sai a tarar dauɗa ce ta toshe ko ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, magani ya ishe shi.

Ku san abin da kuka rataya. Ɓangaren da ke kwance a bayan kunne shi ke ɗauke da makirfo da abin ƙara sauti da 'yar lasifika da batir. A samansa akwai 'yar ƙugiya, daga ita siririn tiyo ya sauko zuwa robar da aka zuba daidai da ramin kunnenka. Wannan robar taka ce kai kaɗai, ba a aro, ba a gado. In biyu aka ba ka, mai alamar ja ta dama ce, mai shuɗi ta hagu, kuma kowace da saitinta.

Da na samu ta gaskiyar, sai ta shige aljihun tebur ta yi watanni. Muryata ce ta fara ba ni haushi, kamar ina magana a cikin randa. Takun takalmina da motsin takarda duk suka dame ni, na ce wannan ba ji ba ne, azaba ce. Ashe ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru ba ta karɓi waɗannan sautuka ba sai ta sake koyon tace su, kuma ba ta koyo in ana sa na'urar ranar biki kawai. Ku fara a gida, inda ba hayaniya, kuna hira da mutum ɗaya, kuna karatu da babbar murya don ku saba da muryarku. Kullum ku ƙara lokaci har ta kai ku daga asuba zuwa kwanciya. Makonni ake ɗauka, wani ma watanni. Kasuwa da wurin biki za su ci gaba da wahala ko da an saba, domin na'ura taimako take yi, ba ta mayar da kunne sabo. A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kashi 17 cikin ɗari kacal na waɗanda na'ura za ta amfana ne ke amfani da ita. Da yawa rashin samu ne ya hana su. Wanda iyayensa suka ɗaure suka saya masa, ya kuma ajiye ta a aljihun tebur, ya dubi wannan adadi da kyau.

Sai babbar magana, wato ruwa. Mu da muke alwala sau biyar a rana, ga wankin fuska ga shafar kai da kunne, muna cire na'ura fiye da yadda masu ƙera ta suka yi zato. Ni abin da nake yi shi ne in faki ido a bakin masallaci in zare ta da sauri in cusa a aljihun riga, tare da makulli da canji. Rannan na sunkuya a wurin alwala ta zamo ta faɗa kwata. Wata kuma na manta ta a aljihu aka jiƙa rigar. Duk wannan don kada na kusa da ni ya tambaye ni mene ne wannan. Yanzu ina yawo da ɗan akwatinta mai murfi. Kafin in taɓa buta na riga na cire ta a fili, na sa a akwati, na rufe. In na gama sai in tsane kunne da hankici, hannuna ya bushe, sannan in mayar. Wanda ya tambaya in gaya masa, yawanci daga "Allah ya ƙara lafiya" maganar ta ƙare. Haka wanka da aski da ruwan sama. In kun lura, ko da na'urarku an ce tana jure danshi, jure yayyafi da zufa ake nufi, ba nutso ba.

Idan ƙaddara ta sa ta jiƙe, ku kashe ta nan take, ku cire batir, ku bar ƙofarsa a buɗe, ku goge da ƙyalle mai laushi, ku sa ta a gwangwanin busarwa, wato mai murfi da ƙwayoyi masu tsotse danshi, ta kwana. Kada ku shanya ta a rana, kada ku kai ta kusa da murhu ko na'urar busar da gashi. Na taɓa shanya tawa a kan kwanon ɗaki da zafin bazara, na ɗauko ta jikinta ya lanƙwashe. Barin ta a cikin mota da rana ma haka yake yi mata.

Akwai ruwan da ba a gani, shi ya fi yin ɓarna a hankali. Zufar bayan kunne tana da gishiri, tana shiga ɗakin batir ta sa tsatsa. Da damina kuma raɓa kan taru a cikin tiyo, ɗigo ɗaya ya isa ya ɗauke sauti ɗif, ka zaci na'urar ta mutu. Maganinsa aikin dare ne da ba ya cin lokaci. Kafin kwanciya a goge jikinta da busasshen ƙyalle, a share bakin robar da ɗan buroshinta, a buɗe ƙofar batir, a sa ta a gwangwani mai murfi da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Masu sayar da na'urar suna da nasu na musamman. Sau ɗaya a mako a zare tiyon daga ƙugiya, a bar shi manne da robarsa, a wanke su biyun da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ɗauraye, a hura iska ta ciki da 'yar robar hurawa, a bar su su kwana su bushe. Ban da hurawa da baki, numfashi danshi ne. Ita na'urar kanta ba ta ganin ruwa, ba ta ganin sifirit. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana toshe 'yan ƙofofin makirfo, sai a riƙa bi da buroshi a hankali, kada a soka allura. Turare da man gashi da hoda a gama shafa su tukuna, hannu ya tsabtata, sannan a sa na'ura.

Batirinta ba irin na agogo ba ne, ko da girmansu ya zo ɗaya. Iska yake shaƙa kafin ya yi aiki, shi ya sa ake manna masa 'yar takarda a baya. Da an ɓare ta ya fara ƙarewa, mayar da ita ba ya tsayar da shi. Ni na taɓa ɓare na fakiti guda don in huta da wahalar ɓarewa, kafin in zo kan na ƙarshe duk sun mutu. Ku ɓare ɗaya lokacin da za ku sa, ku ba shi kamar minti ɗaya ya sha iska. Girma huɗu ne, kowane da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Na bayan kunne yawanci 13 ko 675 suke ci, kuma ɗaya kan kai mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin na'urar da tsawon amfani. Kada a sa su a firiji, kada a haɗa su da makulli ko tsabar kuɗi, kuma a duba kwanan watan da ke jikin fakiti kafin a biya. Masu ƙananan yara a gida su yi hattara sosai: yaro na iya haɗiye shi ko ya cusa a hanci, in hakan ta faru asibiti kai tsaye, ba jira. Wanda ya zaɓi mai caji ya huta da wannan, amma ya yi wa kansa tanadin abin ajiyar caji, tunda kowa ya san halin wutarmu.

Fito ma ya sha ba ni kunya. Ana cikin sallah ko ana darasi sai kunnena ya ɗauki wani siririn kuka, kowa ya juyo, ni da abin yake jikina ba na ma jin sa sosai. Dabarata ita ce in rage murya har ƙasa, wato ina ɗauke da na'ura amma ba ta yi mini komai. Fito alama ce cewa sauti yana tserewa daga kunne yana komawa makirfo. Ko robar ba ta zauna daidai ba, ko ta yi sako-sako, ko tiyo ya tsage, ko dauɗa ta cika kunne tana mayar da sautin baya, ko hula ko hijabi ya danne makirfo. Tiyo yana taurara ya koma rawaya, ana sauya shi duk bayan wata huɗu zuwa shida, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Yaro da ke girma robarsa kan yi masa kaɗan da wuri, sai an sake zuba wata. Game da dauɗa, ku rabu da tsinken ashana da gashin kaza da audugar kan tsinke, tura ta ciki suke yi. Likita ya cire. In kunne ya fara ciwo ko zubar da ruwa, a cire na'urar daga wannan kunnen a je asibiti, toshe shi da roba yana ƙara ciwon.

Ranar da ta yi shiru, kada ku ruga wurin mai gyaran waya. Na kai tawa, ya buɗe ta da wuƙa, ya taɓa ta da ƙarfen narka dalma, ya miƙo mini gawa. Ban ga laifinsa ba, ba sana'arsa ba ce, ni ne na guji komawa asibiti. Kafin ku je ko'ina ku sa sabon batir ku tabbata bai juya ba. Ku zare tiyo ku dunƙule na'urar a tafin hannu: in ta yi fito, lafiyarta ƙalau, matsalar tana tiyo ko roba, ruwa ne ko dauɗa. In ba ta yi ba, a mayar da ita inda aka saita ta. Na'urar da aka kula da ita takan yi shekara biyar, wata ma ta wuce.

Ku gaya wa malamanku da abokan aikinku cewa kuna da raunin ji. Shekarun da na yi ina zama a bayan aji ina gyaɗa kai ga abin da ban ji ba sun fi duk kuɗin na'urorin nan tsada a wurina. Ku zauna gaba, ku nemi a fuskance ku in ana magana, a yi ta a natse ba da ihu ba, domin ihu murɗe kalma yake yi. Ku kuma tsare jin da ya rage: nesa da bakin lasifikar biki da injin niƙa, kuma duk likitan da zai rubuta muku allura ku sanar da shi kuna da raunin ji, saboda akwai magunguna irin su jentamaisin da ke iya taɓa kunne. A riƙa sake gwajin ji duk shekara, ji yana canzawa, saiti ma sai ya bi shi.

Wanda bai riga ya saya ba, kafin ya miƙa kuɗi ya tambayi inda zai riƙa samun batir da tiyo a garinsu, wa zai sake saita ta in bukata ta taso, tsawon garantin nawa ne da abin da ya ƙunsa. Ya karɓi kwafin takardar gwajin jinsa, ya ɗauki hotonta a waya, domin duk asibitin da ya je nan gaba ita za a fara tambaya.