Ƙaramar kwamfutar da na saka a motar Kawu

Kawuna yana da mota ɗaya tal, tsohuwar kamiyo da ke ɗauko wake da aya daga kasuwannin ƙauye zuwa Maradi. In Cadawa ta nufa ba ya damuwa, kwalta ce kuma ba nisa. Amma in ta yi arewa wajen Dakoro, ta saki babbar hanya ta shiga rairayi, to Kawu ba ya iya cin tuwon dare sai ya ji muryar direba. Wata rana ta lalace a daji, wayar direban kuma ba caji, aka kwana ba labari. Da safe ya kira ni ya ce, "Kai da kullum kake cikin wayoyi, babu abin da za ka haɗa mana?" Na ce, "Akwai, Kawu, a dai ba ni lokaci."

Abin da ke hannuna a lokacin Raspberry Pi 4 ce, kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda aka fara fitar da irinta a Ingila a 2012. Tana da ƙoƙari, sai dai ba ta da ramin sim, kuma ba ta san inda take a doron ƙasa ba. Ko agogon da zai riƙe lokaci in an kashe ta ba ta da shi. Sai na yi odar wani allo mai ɗauke da SIM7600 na kamfanin SIMCom, wanda ake dannawa a kan ƙusoshinta guda 40. Mai saye ya lura da harafin da ke bin lambar: mai A don rezon Amurka aka yi shi, mu nan mai E ko mai G ne namu.

Aiki biyu allon yake yi, kuma mutane kan haɗe su a wuri guda. Sanin wuri daga taurarin ɗan adam yake zuwa, kyauta, ba ruwansa da sim ko kuɗin waya. Taurarin GPS na Amurka suna shawagi a nisan wajen kilomita 20,200, kowanne yana ta faɗin inda yake da lokacin da ya yi maganar. Na'ura saurare kawai take yi, in ta ji huɗu sai ta lissafa matsayinta. Allon yana jin na Rasha ma, GLONASS, da BeiDou na Sin. Aikin sim shi ne kai labarin gida, shi ke nan.

Ɓangaren waya bai ba ni wahala ba. Na cire lambar sirrin sim ɗin, na buga wa allon umarnin gwaji, wato AT, ya amsa OK. Na buga AT+CSQ don ganin ƙarfin rezo, wanda ake aunawa daga 0 zuwa 31, in kuwa ya ce 99 to bai ji komai ba. A ɗakina 20 da wani abu ya nuna.

Taurarin ne suka sa na yi kwana biyu ina zufa. Na kunna da AT+CGPS=1, na tambaya da AT+CGPSINFO, sai ya jero mini waƙafi zalla, babu lamba ko ɗaya. Na sake haɗa wayoyi, na sake buga umarni, shiru. Ashe rufin kwanon ɗakina ne ya tare saƙon, don kafin ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni ƙwarai. Bayan la'asar na ja tabarma tsakar gida, na ɗora eriyar, ɗan murabba'in nan baƙi, a kan bakin randa, fuskarta na kallon sama. Na zauna ban taɓa komai ba. Kunnawar farko tana son haƙuri, domin taurarin a hankali suke aiko bayanin hanyoyinsu, cikakken jadawalin yakan ci minti goma sha biyu da rabi. Can sai ga lambobi sun cika layin. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Da na zuba su a taswira sai ta ajiye ni can kudu, wajen Madarunfa, alhali ina zaune a gidanmu. Ga dalilin, kuma duk mai wannan aiki ya riƙe shi. In allon ya rubuta 1330, nufinsa digiri 13 da minti 30. Minti sittin ke yin digiri, saboda haka 13.5 ke nan. Ni kuwa 13.30 na karanta. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, wannan ɗan bambancin ya kai kilomita 22. Raba mintocin da sittin kawai ya dawo da ni gida. Lokacin da yake bayarwa ma sai an ƙara masa awa ɗaya kafin ya zama na Nijar.

A cikin mota, wuta ce babbar magana. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, kuma duk sanda allon zai yi aike yakan fizgi wuta da ƙarfi. Cajar sigari mai araha ta riƙa sa ta mutuwa tana tashi, har katin ajiya ɗaya ya lalace. Sai da na sa na'urar rage wuta mai kyau daga batirin motar, da fis, da waya mai kauri. Akwatin kuma ƙarƙashin kujera na ɗaure shi, don a zafin Afrilu gaban gilashi tanda ne, ita kuwa in ta kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta. Eriyar taurari kaɗai na fitar sama.

Abin da na fi alfahari da shi ƴan layukan umarni ne da na rubuta da Python, wani yaren kwamfuta. Duk minti biyu na'urar tana rubuta matsayinta a kati, da rezo ko babu. In ta shiga inda babu, sai ta yi ta tarawa, da zarar ta hango eriyar wani gari ta turo duka. Saboda haka ko motar ta ɓace mana, mun san wurin da aka gan ta ƙarshe da inda ta dosa. Kawu ƙaramar waya yake riƙewa, don haka shi SMS nake sa ta aika masa, wanda yakan wuce ko rezon sanda ɗaya ne.

Kafin mu ɗaura komai na ce wa Kawu sai direba ya sani, ban yarda a saka wa mutum ido a ɓoye ba. Na nuna masa akwatin, na ce, "Yaya, wurin mota kawai yake faɗi, ba ya jin magana." Ya jujjuya shi a hannu, ya ce in haka ne a ƙara lambar matarsa.

Makon jiya sun yi dare a hanyar dawowa. Muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i wayar Kawu ta yi ƙara. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, motar ta hau kwalta tana tafe. Ya mayar da ita aljihu, ya leƙa zaure ya ce a kawo tuwo.